Tarihin balan-balan mai ɗaukar mutane, da inda ƙasarmu ta shigo cikin labarin



Da wuya a samu mai riƙe da babbar waya da bai taɓa cin karo da hoton nan na ƙasar Turkiyya ba. Gari bai gama wayewa ba, ga manya-manyan balan-balan masu launi iri-iri sun cika sararin sama a kan duwatsun Kapadokiya, kowanne da kwando rataye a ƙarƙashinsa, mutane na tsaye a ciki suna ɗaukar hoton fitowar rana. Ranar da yanayi ya yi kyau, sama da 100 ne ke tashi a safiya ɗaya. Matasanmu kan tura wa juna hoton suna cewa kai, wasu ƙasashe sun more. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, sunan Yola da Kukawa da Damargu da Agadas ya shiga labarin balan-balan fiye da shekara 100 kafin a fara ɗaukar baƙi a Kapadokiya.

Asalin abin daga Faransa ne. Wasu 'yan uwa biyu, Joseph da Etienne Montgolfier, waɗanda sana'ar gidansu yin takarda ce a garin Annonay, sun lura cewa idan aka kifa jaka a kan wuta takan kumbura ta yi sama. Su a zatonsu hayaƙi ne ke ɗaga ta, shi ya sa suka riƙa ƙona ciyawa da gashin tumaki don hayaƙin ya yi kauri. Daga baya aka gane ba ruwan hayaƙi, iska ce idan ta yi zafi take rage nauyi, sai ta taso saman mai sanyi. Ranar 4 ga Yuni 1783 suka nuna wa mutanen garinsu. Ranar 19 ga Satumba na wannan shekara, a fadar Versailles, gaban Sarki Louis na 16, aka saka tunkiya da agwagwa da zakara cikin kwando aka sake su. Sun yi kamar minti 8 a sama suka sauko da ransu. Sai ranar 21 ga Nuwamba mutum biyu, Pilatre de Rozier da Marquis d'Arlandes, suka hau da kansu, suka ratsa saman birnin Paris na kimanin minti 25, tafiyar kilomita 9 ko kusa da haka. Wannan shi ne karon farko da ɗan Adam ya tashi sama ba igiya a ɗaure da ƙasa. Shi de Rozier ɗin bai yi tsawon rai ba, domin a watan Yuni 1785 balan-balan ɗinsa ya faɗo da shi yana ƙoƙarin tsallaka tekun da ya raba Faransa da Ingila, ya mutu nan take shi da abokin tafiyarsa.

Shekara 15 bayan tashin farko abin ya iso nahiyarmu, amma a hannun 'yan mamaya. Lokacin da Napoleon ya ci Masar a 1798, Faransawa suka so su burge mutanen Alƙahira. Suka buga sanarwa suka manna a kasuwanni, jama'a ta taru a dandalin Azbakiyya, aka hura wuta, balan-balan ya tashi ba kowa a ciki, bai je ko'ina ba ya faɗo. Malamin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti yana raye a birnin a lokacin, kuma ya rubuta labarin cikin littafinsa na tarihin Masar. Ko kaɗan abin bai burge shi ba. An ce masu jirgi ne da zai ɗauki mutane zuwa ƙasashe masu nisa, shi kuwa abin da ya gani ya kamanta shi da takardar nan da ake ɗaura wa zare a sake ta cikin iska ranar biki. Ku lura da shekarar: saura shekara 6 ke nan Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, kuma Malam Yakubu bai riga ya kafa garin Bauchi ba.

To, ga inda muka shigo. A farkon 1863 wani marubuci Bafaranshe mai suna Jules Verne, wanda a lokacin ba a san shi sosai ba, ya fitar da wani ƙagaggen labari da za a iya fassara sunansa da Mako Biyar Cikin Balan-balan. Labarin wani Baturen Ingila ne, Dakta Fergusson, da abokinsa maharbi Kennedy, da baransa Joe, waɗanda suka tashi daga tsibirin Zanzibar da niyyar ratsa Afirka daga gabas zuwa yamma ta sama. Verne bai taɓa taka ƙasashen nan ba. Yana zaune a Paris, ya tara littattafan Turawan da suka yi tafiyar a ƙasa da raƙumi da doki, musamman Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda a nan aka sani da Abdulkarim, sai ya shimfiɗa taswirarsu ya ja wa balan-balan ɗinsa hanya a kanta.

Hanyar kuwa ta gidanmu ce. Balan-balan ɗin ya biyo ta Adamawa, matafiyan suka hangi kogin Binuwai da garin Yola. Suka yi arewa zuwa Borno, suka ga Kukawa, babban birnin Shehu a wancan zamani. A saman tafkin Chadi wasu manyan tsuntsaye suka far masu suka yaga yadin, balan-balan ya fara zubowa ƙasa, Joe ya yi tsalle ya faɗa ruwa don nauyi ya ragu iyayen gidansa su tsira. Bayan an sha wuya an tsamo shi daga hannun mahaya da ke bin sa a guje, iska ta ɗauke su yamma zuwa Damargu, suka wuce ta kan wani gari da ake kira Tagelel. Wannan garin ba ƙage ba ne. A wannan yankin ne a watan Janairu 1851 Barth ya rabu da abokan tafiyarsa biyu, Richardson ya nufi Zinder, Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, shi kuma ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano a watan Fabrairu. Verne ya sa jarumin labarinsa ya tuna wannan rabuwa yana leƙen garin daga sama. Daga nan suka kwana kusa da Agadas, suka gangara kogin Kwara, suka hangi Tambutu, har suka kai kogin Senegal.

Akwai wani wuri a ƙarshen labarin da ya dace da zancenmu. Balan-balan ɗin Fergusson ba da wuta yake tashi ba, da wata iska ce marar nauyi da ake kira haidurojin. Da suka iso bakin kogin Senegal iskar ta ƙare, ga maƙiya na tafe a bayansu. Sai suka tara busasshiyar ciyawa suka cinna mata wuta a bakin yadin, suka koma dabarar 'ya'yan Montgolfier, da haka suka tsallake ruwan da ƙyar.

Kada wanda ya samu littafin ya ɗauka zai ga mutuncinmu a ciki. Verne ya zana baƙar fata yadda Turawan zamaninsa suke zana mu, ko dai masu gudu don tsoro, ko masu sujada ga balan-balan suna zaton wata ne ya sauko, ko masu harbi ba dalili. Ƙasar da take da alƙalai da makarantu da kasuwar Kurmi, wadda shi kansa Barth ya yi mamakin cinikinta, daga cikin kwandon Fergusson ta zama daji da bukkoki. A ganina wannan ciwo ne da kallo daga sama yake tafe da shi. Ka ga rufin ɗaki, ka ga garke, ka ga hayaƙin murhu, amma ba ka gaisa da kowa ba.

Hanyar da Verne ya zana ba ta biyo ta Bauchi ba, sai dai ɗaya daga cikin mutanen da ya ambata a littafin ya zo har cikin ganuwarmu. Eduard Vogel, wani matashin Bajamushe masanin taurari da aka turo ya tallafa wa tawagar Barth, ya taso daga Kukawa a 1855 ya iso garin da Turawa ke rubutawa Yakoba, wato Bauchin Yakubu, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu. Daga nan ya yi Zariya, ya kuma gangara wajen Binuwai. A farkon 1856 aka kashe shi a Wadai, yana ɗan shekara 26. Bayansa wani Bajamushen, Gerhard Rohlfs, ya sauka a Bauchi a 1867. Dukansu a ƙasa suka zo, da ƙura da zazzaɓi.

Abin da ya fara zuwa mana ta sama da gaske jirgi ne mai inji. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga kusa da Alƙahira sun biyo ta Sudan da Maiduguri. A wannan lokacin balan-balan mai wuta ya daɗe da zama tsohon yayi har a Turai, domin wa zai ɗauki damin ciyawa ya hau sama yana hura wuta alhali ga jirgi?

Wani Ba'amurke mai suna Ed Yost ne ya farfaɗo da shi. Ya ɗinka yadin nailan mai sauƙi, ya haɗa murhu mai aiki da gas irin wanda ake cika wa a tukunya, ranar 22 ga Oktoba 1960 ya tashi a wani ƙaramin gari, Bruning, a jihar Nebraska. Duk balan-balan ɗin da kuke gani a hotuna yau jikokin wannan ne. Matuƙi ya murɗa, harshen wuta ya yi sama cikin yadin da ƙara kamar gurnani, iskar ciki ta kai zafin digiri 100 ko kusa, kwando ya ɗaga. Ya bar ta ta huce, ya sauko.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, a farkon 1962, wani ɗan jarida Baturen Ingila, Anthony Smith, ya ce bari ya gwada abin da Verne ya ƙaga shekara 100 da suka wuce. Ya kai balan-balan mai haidurojin Zanzibar, ya raɗa masa suna Jambo, wato gaisuwar Suwahili, ya tsallaka da shi zuwa gaɓar Tanganyika, daga baya ya tashi a kan Ngorongoro da Serengeti. Cikin waɗanda suka hau tare da shi akwai wani matashi mai ɗaukar fim ɗin namun daji a Kenya, Alan Root. Shi Root ɗin ne ya gane amfanin abin. Mota na korar dabbobi, jirgi ya cika sauri, amma balan-balan yana tafiya a hankali da gudun iska, mai kamara ya ɗauki garke yadda yake so. Ya koyi tuƙa mai wuta, ya yi fim da shi a tsakiyar shekarun 1970, har ya tsallake ƙololuwar dutsen Kilimanjaro, sannan aka fara ɗaukar baƙi da kuɗi a gandun dajin Masai Mara. Daga nan sana'ar ta kafu. Luxor ta Masar ta ɗauka, ana nuna wa baƙi kogin Nilu da kaburburan Fir'aunoni. Kapadokiya ta biyo baya a farkon shekarun 1990.

Me ya sa ko'ina da asuba ake tashi? Mutane na zaton don kyan fitowar rana ne. Kyan yana nan, amma riba ce aka tsinta a hanya. Dalilin gaskiya iska ce. Balan-balan ba shi da sitiyari, ba shi da birki, inda iska ta nufa nan ya nufa. Iyakar abin da matuƙi zai iya shi ne ya hau ko ya sauko, yana laluben wani hawa na iska da ke kaɗawa wajen da yake so. Da dare ƙasa kan huce, iskar da ke kusa da ita ta kwanta lamo. Da rana ta ɗaga ta fara gasa ƙasa, sai iska mai zafi ta riƙa tasowa nan da can tana murɗawa. Kowa a nan ya san wannan ko bai shiga aji ba. Guguwar nan da ke tashi a fili da bazara tana kwashe leda da kara, da tsakar rana take zuwa, ba wanda ya taɓa ganin ta bayan sallar asuba. Ƙari a kan haka, gwargwadon sanyin waje gwargwadon ƙarfin ɗagawa, domin bambancin zafin ciki da na waje shi ke ɗauke kwandon. Shi ya sa ake tada baƙo tun ƙarfe 4 ko 5, a hura yadin da fanka cikin duhu, a tashi da ketowar alfijir, a yi kamar awa ɗaya, a sauka kafin hantsi ya dubi ludayi. Idan iska ta yi ƙarfi a safiyar, ko da an biya kuɗi, sai a fasa.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. A Masai Mara kujerar mutum ɗaya, ko in ce tsayuwar mutum ɗaya tunda ba a zama, takan haura dala 400. Kuma ba matuƙi kaɗai ke ci ba. Akwai masu shimfiɗa yadi da naɗe shi, akwai direbobin da ke bin balan-balan a ƙasa har inda iska ta yar da shi, akwai masu cika gas, masu ɗinki, masu dafa karin kumallon da ake shirya wa baƙi a fili bayan an sauka. Sa'annan duk wanda zai tashi da asuba dole ya kwana a wurin, masu masauki su ma su samu.

Akwai ranar baƙin ciki a tarihin. Ranar 26 ga Fabrairu 2013 a Luxor, wani balan-balan ɗauke da mutum 21 ya kama da wuta yana shirin sauka, saboda gas ya tsiyaya. Da wuta ta ƙaru sai ya ƙara yin sama da mutanen, sannan ya faɗo cikin gonar rake. Mutum 19 suka mutu, galibinsu baƙi daga Hong Kong da Japan da Faransa da Birtaniya da Hungary. Gwamnatin Masar ta dakatar da tashin na wani lokaci. Tukunyar gas da harshen wuta da kwandon saƙa a wuri ɗaya, ba abin da za a miƙa wa ɗan koyo ba ne.

Yanzu mu dawo gida, domin na san tambayar da ke bakin kowa: Yankari fa? Abin sha'awa, a shekarar da Jambo ya tashi daga Zanzibar aka buɗe Yankari ga masu ziyara, ranar 1 ga Disamba 1962, bayan gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin tun 1956. Ya zama gandun tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244. Yana da giwaye, da ɓauna, da gwanki, da dorina, da tarin birai da gadu da ke yawo har cikin sansanin Wikki, ga ruwan Wikki ɗin da ke fitowa daga gindin dutse da ɗuminsa na digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ta fuskar abin nunawa, ba mu da kunya.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mai son kawo balan-balan nan sai ya zauna ya yi lissafi da yanayinmu, ba da hoton Kenya ba. Masai Mara fili ne shimfiɗaɗɗe na ciyawa, itatuwa jefi-jefi, matuƙi na hango dabba daga nesa, kuma kusan ko'ina wurin sauka ne. Yankari kurmi ne na itatuwa. Daga sama ganye za ka fi gani, kuma abin da ba shi da birki yana bukatar fili mai faɗi da mota za ta iya kaiwa gare shi. Sa'annan ga lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu safiya na da sanyi, wanda balan-balan ke so, amma lokacin hunturu ke nan, hazo kan rufe sama har jiragen sama su kasa sauka a Kano da Bauchi, rana ta fito kamar faranti a bayan labule. Ciyawa ta bushe ƙamas, ga wuta a kwando. Maris da Afrilu su ne watannin da namun daji suka fi taruwa a bakin kogin Gaji saboda ruwa ya ƙafe a sauran wurare, amma zafin bazara na rage wa balan-balan ƙarfi, dole a rage mutane ko a ƙara gas. Da damina kuwa ga hadari mai tasowa ba sallama, ga ciyawa ta rufe dabbobi, ga hanyoyin cikin daji sun jiƙe. Ba na cewa ba zai yiwu ba. Ina cewa ranakun da za su yi daidai a shekara ba za su kai na gabashin Afirka ba, kuma da yawan ranakun ne mai jari ke mayar da kuɗinsa.

Babban abin ma ba wannan ba ne. A Kenya garke aka fara samu, sannan balan-balan ya biyo. Abin da ya sa Alan Root ya hau kwando shi ne dubban ɗaruruwan dabbobi da ke ƙaura tsakanin Serengeti da Mara kowace shekara. Mu kuwa giwayen Yankari, waɗanda ke cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, ƙiyasin da masu kula da dajin suka riƙa bayarwa a shekarun baya-bayan nan bai wuce 100 zuwa 150 ba. Zakuna sun zama 'yan ƙalilan. Mafarauta sun yi ɓarna, shanu na kutsawa, giwaye kuma na fita su cinye gonakin ƙauyukan da ke kewaye, manomi ya kwana da takaici. Kuɗin da zai sayi balan-balan ɗaya ya ɗauko matuƙi daga waje, idan aka ba ni zaɓi, albashin masu gadin daji da gyaran hanyoyin sintiri zan fara da shi. Giwar da ta saba jin ƙarar bindiga ma, ban ga yadda za ta tsaya a yi mata gurnanin wuta a saman kai ba.

Wanda yake son ganin wayewar gari a dajin bai bukatar jiran kowa. Daga Bauchi a ɗauki hanyar Gombe, a karya a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, daga ƙofar zuwa Wikki akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai. A kwana a can, a bi motar zagaye ta safe da ɗan rakiya zuwa bakin Gaji. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ya fi, kafin ruwan farko ya sauka dabbobi su watse cikin daji.